Saƙon Tuni na Masu Bincike: Abin da Ya Kamata Mu Sani

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu da ke nan Sagnarigu. Jami'in kare haƙƙin 'yan gudun hijira ya ce in isar muku da wannan bayani.

Wanda ya yarda ya shiga binciken lafiya, akan ba shi takardar tambayoyi ko a kira shi a waya bayan wasu makonni. Hidimar gida takan sa a manta, shi ya sa masu bincike ke turo saƙon tes don tuni. Amsarku tana da nauyi. Idan waɗanda suka warke kaɗai suka amsa, waɗanda jikinsu bai yi daɗi ba suka yi shiru, za a ɗauka maganin ya fi yadda yake aiki, kuma yaranmu ne za su sha shi gobe.

Irin wannan bincike ya taɓa amfanar da mu a Arewacin Ghana. A Navrongo, daga 1989 zuwa 1991, an gwada ba yara fiye da 20,000 sinadarin bitamin A, aka ga mutuwar yara ta ragu da kusan kashi 1 cikin 5. A Kintampo ma an gwada rigakafin zazzaɓin sauro, wanda Ghana ta fara yi wa yara a 2019.

Ga abubuwa huɗu da za ku riƙe:

Na ɗaya, shiga bincike ba dole ba ne. Ƙin amsawa ko fita ba zai taɓa takardunku na Hukumar 'Yan Gudun Hijira ta Ghana ko tallafin UNHCR ba.

Na biyu, mai bincike na gaskiya ba ya neman kuɗi, ba ya tambayar lambar sirri ta MoMo. Duk wanda ya nema, ɗan damfara ne.

Na uku, idan waya ɗaya kuke amfani da ita a gida, ku ce kada a rubuta sunan ciwonku a saƙon. Dokar Ghana ta 2012 ta kare bayanan mutum.

Na huɗu, idan kun canza lamba ko za ku tashi, ku sanar da su.

Wanda bai iya karatu ba, ko saƙon ya zo da Turanci, ya kawo wayarsa ofishinmu. Za mu karanta masa cikin sirri. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya.