Dala Ashirin Da Bugun Agogon Kwamfuta

Shugaban ƙungiya, malamanmu masu girma, 'yan uwana tsofaffin ɗalibai. An nemi in faɗi wani abu game da aikina na kwamfuta, to zan fara daga gida.

Mu 'yan Darna Sabon Gari mun san cewa idan ka tsallaka Konni, ɗan kasuwa ya ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi, domin dala ɗaya sefa biyar ce. Baƙo kuwa sai ya miƙa sefa ashirin, a yi masa dariya. Irin wannan kunyar na sha a wurin aiki.

Cibiyar manhajar Linux, wadda ke tafiyar da na'urar baki ɗaya, ba da daƙiƙa take ƙidayar lokaci ba. Bugu take ƙirgawa, sau 100, ko 250, ko 1000 a daƙiƙa, gwargwadon yadda aka saita ta. Tana kuma riƙe da jerin ayyukan da za ta yi nan gaba, kowanne da lambar bugun da zai tashi. Ƙidayar ma ba daga sifili take farawa ba. Da gangan aka sa ta fara kusa da biliyan huɗu da miliyan 295, don duk wani kuskuren cikar ƙidaya ya bayyana minti biyar bayan kunnawa.

Wata rana na'urar da ke lissafin albashi a ofishinmu ta cije. Manhajar bincike ta zubo mini lambobi masu tsawo, babu bayani. Na cire wannan daga wancan, na sami 3000, na ce daƙiƙa uku ke nan, lokacin ya yi gajarta, nan matsalar take. Ashe na'urar 250 take bugawa, wato daƙiƙa 12. Kwana biyu ina bin hanyar banza, ma'aikata suna jiran kuɗinsu, har masinja ya daina gaishe ni.

Daga baya na gyara yadda manhajar ke rubuta sakamako: lambar asali, bugun da ya rage, daƙiƙoƙi a gefe, da alamar ragi ga duk aikin da lokacinsa ya wuce. Ina sake dubawa sai ga layi guda da alamar ragi, ya makara da minti 40. Shi ne mai laifin.

Malamin lissafinmu yana nan zaune. Malam, makin da ka yanke mini a aji uku don na rubuta amsa ban sa mita ba, yau na janye ƙorafina.