Sojan Roba da Aka Bari a Kwali

 

Kun san yadda yaranmu a wurin kiwo suke ƙera shanu da laka, har da tozo da ƙaho. To, a Ingila da Japan akwai magidanta masu irin wannan sha'awa, sai dai su sojoji suke haɗawa. Mutum zai sayi kwali, ya tarar da soja a warwatse: kai daban, hannu daban, bindiga da gorar ruwa daban, duk na roba. Shi zai yanko su, ya liƙa da gam, ya shafa fenti har kayan sarkin su fito yadda suke a zamanin yaƙin.

Kamfanin Airfix na Ingila, wanda aka kafa a 1939, da Tamiya na birnin Shizuoka a Japan, suna cikin waɗanda suka yi fice a wannan sana'a. Idan ka ga an rubuta 1/35 a jikin kwali, ana nufin an rage girman abin sau 35. Sojan da tsawonsa ya kai santimita 175 sai ya dawo santimita 5, bai kai ɗan yatsanka ba. Na 1/72 kuwa bai cika santimita biyu da rabi ba. A wannan ɗan wuri ake zana ido da maɓallin riga.

Aiki ne mai cin lokaci, shi ya sa da yawa sukan fara su ajiye. Hidima ta taso, ko fuskar sojan ta ƙi fitowa, sai a rufe kwali, shekaru su wuce. Abin da nake so ka riƙe, ɗan'uwa, shi ne: aikin da ka bari ba ya zama yadda ka bar shi.

Dubi abin da mai dawowa yake tararwa. Ƙura da maiƙon hannu sun hau robar, fenti ba zai kama ba sai an wanke ta da sabulu da ruwa mai ɗan ɗumi. Fentin mai ya kwanta a gindin gwangwani, amma idan aka motsa sosai yakan farfaɗo. Fentin ruwa kuwa in ya bushe ya tafi ke nan. 'Yan tambarin da ake jiƙawa a manna sun tsufa, suna taɓa ruwa su wargaje. Idan kwalin ya sha zafin rana, bindigar ma ta lanƙwashe. Gam ɗin kuma narkar da robar yake yi ya haɗe ta, don haka hannun da aka liƙa a karkace ba ya ɓamɓaruwa ta daɗi, sai an yanka.

Saboda haka gwanayen abin ba sa ɗaukar buroshi ranar farko. Sukan shimfiɗa takardar bayani, su ƙirga kayan ɗaya bayan ɗaya, su san abin da ya ɓace. Sannan su yanke shawara: a ɗora a kan tsohon fenti, ko a kankare a sake? Domin shi ma mutumin ya canza. Hannunsa na yau ya fi na da, ko kuma idonsa ya rage. Idan ya ɗora kawai, rabin sojan zai fito da launi ɗaya, rabin da wani.

Yanzu ka juyo gida. Ginin da ka kai linta ka tsaya, damina uku ta sauka a kansa. Kafin ka kira birkila, duba tsagewar bango. Rijiyar da aka fara a mashaya aka bari, bakinta ya zube ko bai zube ba? Cinikin da kuka fara da abokin hulɗa a Maraɗi ko Jibiya, canjin sefa da naira na wancan lokaci ba shi ne na yau ba. Ku zauna ku sake lissafi tun kafin a ji kanku. Wanda ya ce daga inda na tsaya zan tashi, sau da yawa aiki biyu yake jawo wa kansa.

Kada kuma kunyar daɗewa ta hana ka komawa. Masu haɗa sojojin nan sukan ce da kansu yau igiyar bindiga kawai za a gama, gobe takalmi. Sannu ba ta hana zuwa.

Kai kuma ɗan kasuwa, idan irin wannan kwali ya faɗo maka cikin kayan gwanjo a buɗe, ƙirga kayansa kafin ka biya, don kai ɗaya ya ɓace, kuɗinsa ya faɗi. Kada a ba ƙananan yara, suna iya haɗiye gutsattsarin, kuma kada a buɗe gam ɗin a ɗakin da iska ba ta shiga.

Allah ya ba mu ikon ƙarasa abin da muka fara. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.