Sun Iya Rubuta Manhaja, Ba Su Iya Nema a Cikinta Ba

 

Na daɗe ina sa-in-sa da abokan aikina masu koyar da ilimin kwamfuta a kan magana guda, yau ma ita zan tayar. Muna yaye yara sun iya rubuta manhaja sabuwa fil, amma ka miƙa musu wadda wani ya rubuta, mai layi dubu ɗari, ka ce su nemo inda ake lissafa haraji, sai su yi tsuru-tsuru. Alhali aikin da ke jiran su a ofisoshin Abuja, waɗanda da yawanku ke sammako ku bi ta Madalla da Zuba don isa gare su, galibinsa gyaran kayan wani ne. A 2015 Sadowski da Stolee da Elbaum sun bi diddigin ma'aikatan Google, suka tarar mai rubuta manhaja yana neman abu cikin kod, wato ainihin rubutun da ake gina manhaja da shi, kimanin sau 12 a kowace ranar aiki. Ƙwararru ke nan. Mu kuwa ko darasi guda ba mu ware wa wannan sana'a ba.

Tarihin kun san shi. Ken Thompson ya rubuta grep, manhajar neman rubutu a cikin fayiloli, a Bell Labs a farkon shekarun 1970, dabarar Boyer da Moore ta fito a 1977, haka ta Knuth da Morris da Pratt. Muna sa yara su haddace su don jarrabawa, su manta. Duk ƙwarewar waɗannan dabaru, dole su bi kowane fayil ɗaya bayan ɗaya, in kayan suka yi yawa kuma sai tafiya ta yi nauyi.

Abin da nake so a koyar shi ne na Russ Cox. A 2006 Google ta buɗe injin binciken kod, ta rufe shi a Janairun 2012, Cox kuma ya bayyana yadda ya gina shi, ya saki wani kod mai irin dabarar kyauta. Duk wanda ya taɓa buɗe littafin fiƙihu ya san fihirisa: ka duba mas'ala, ta faɗa maka shafi. To amma fihirisar kalmomi ba ta yi wa kod aiki, domin mai nema sau tari guntun suna ya tuna, ko wata siffar rubutu mai baka da ɗigo. Sai Cox ya yanka komai harufa uku-uku. Ku ɗauki sunan garin nan: Sul, ule, lej, eja. Ga kowane ɗan ukun nan, na'ura ta ajiye jerin fayilolin da ya bayyana a ciki. In ka nemi Suleja, sai ta ɗauko jeri huɗu, ta tace fayilolin da suka fito a dukkansu, su kaɗai za ta buɗe ta karanta. Da ya gwada a kan kod ɗin Linux, wani bincike ya sauko daga fayil kusan 37,000 zuwa 25, saurin ya ninka kimanin sau 100, fihirisar kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar ce na girman kayan. Babu wani lissafi a nan da ya fi ƙarfin ɗan aji biyu na jami'a, kuma tsohuwar laftof ta ishe shi. Sabon injin da GitHub ta fitar a 2023 ma a kan irin wannan yanka-yanka ya tsaya.

Dalilin da ya sa na nace shi ne dabarar ba ta tsaya ga kod ba, ta shigo har cikin ciwon da ke damun mu. Tun da JAMB ta wajabta lambar NIN a 2021, ku leƙa kowane shagon kwamfuta a garin nan lokacin rajista, za ku ga uba riƙe da takardu uku, suna uku, yaro ɗaya. Mu gwada. Muhammad ya ba da Muh, uha, ham, amm, mma, mad. Muhammadu ya ƙunshi shidan nan duka, na'ura za ta gane su ɗaya ne. Mohammed biyu kawai ya haɗa da shi, ham da amm, nan sai an yi hattara. Yanzu ku yanka Audu da Abdullahi. Babu ko ɗaya. Garba da Abubakar, babu ko ɗaya. Kowane yaro a zauren nan ya san Garba Abubakar ne, amma babu injin da zai sani sai wani ya zauna ya rubuta masa. Haka wanda ke neman takardun masarautar nan na kafin 1976: in bai gaya wa na'ura cewa Abujar wancan zamani ita ce Suleja ba, tarihin tukwanen Ladi Kwali ma zai wuce shi. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa. A wurin kwamfuta k lamba 107 ce, ƙ kuma 409, babu dangin iya babu na baba, kuma da yawa daga masu rubutu a waya ba sa sa lanƙwasar.

Na san amsar abokaina: wai tun da ChatGPT ya zo a 2022, tambaya kawai za ka yi. Madalla. Tarin CodeSearchNet na 2019 da aka yi ta auna irin waɗannan injuna da shi, tambayoyinsa 99 duk da Turanci suke. Kuma in ana neman duk wurin da aka kira wani aiki kafin a goge shi, amsar da ta yi kama da daidai ba ta da amfani, duka ake so ba saura. Na bar wannan a nan.

Abin da nake nema bai sauya ba. A sa grep a hannun ɗalibi tun shekarar farko, a ba shi manhajar wani ya yi ta tono. Kafin ya gama, ya gina fihirisar uku-uku da hannunsa, sannan a nuna masa cewa manhajar ajiye bayanai ta PostgreSQL na da irinta kyauta. Duk ma'aikatar da ta ba da kwangilar manhaja, ta sa a yarjejeniya cewa kod ɗin nata ne, a ajiye shi inda ma'aikatanta za su iya bincike a ciki. Na ga ofishin da ɗan kwangila ya tafi da komai, aka sake biyan kuɗi daga farko. Sai kundin sunaye: Hausa, Gbagyi, Koro, Nupe, kowane suna da duk yadda ake rubuta shi da laƙabinsa. Wannan aikin ɗalibai goma ne da malami ɗaya a zango guda, kuma in shugaban taro ya ba mu ɗaki mai wuta, ni zan zama malamin.