SILIMAR DA BA TA ZO KASUWA BA, DA LEBURAN DA BA A ƊAUKI HOTONSA BA

Jawabin da aka gabatar a zauren taron ɗalibai



Muna so mu fara da wani labari na birnin Liyon a ƙasar Faransa. A shekarar 1895 wasu 'yan'uwa biyu masu suna Lumière suka kafa na'urar ɗaukar hoto a bakin ƙofar masana'antarsu, suka ɗauki ma'aikata suna fitowa daga aiki. Hoton bai cika minti ɗaya ba, amma har yau ana lissafa shi cikin finafinan farko na duniya. Ashe tun ranar haihuwar silima, ɗan ƙwadago ne ya fara tsayawa a gabanta.

To, mu da muke zaune a Kano muna da irin waɗannan ƙofofi a Bompai da Sharaɗa da Challawa. A shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya bunƙasa, dubban mutane ke shiga cikinsu kowace safiya, wasu a ƙafa, wasu a kan keke. Akwai masaƙu, da majemun fata, da kamfanonin roba da alewa da man gyaɗa. Daga 1986, sa'ad da gwamnati ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna suka yi tsada. Bayan haka ga ƙarancin wutar lantarki, ga atamfar waje mai araha ta cika kasuwar Kantin Kwari. Masaƙu da dama suka rufe, iyayen wasunmu da ke cikin zauren nan suka koma gida ba aiki. Wani Ba'amurke, Paul Lubeck, ya zauna da leburorin Kano ya rubuta littafi a kansu, aka buga a 1986. Amma ina muryarsu, ina fuskarsu? Tun fitowar Turmin Danya a 1990 kasuwar finafinan Hausa take bunƙasa, sai dai yawancin abin da take sayarwa soyayya ce da rikicin kishiya da rabon gado.

Saboda haka muke so mu gabatar muku da wasu finafinai waɗanda masu su ba su yi su domin ciniki kaɗai ba.

Na farko shi ne Baara, wanda Souleymane Cissé na ƙasar Mali ya fitar a 1978. Ma'anar sunan a harshen Bambara ita ce aiki. Labarin wani ɗan dako ne a Bamako da wani matashin injiniya wanda ya samar masa aiki a masaƙa. Injiniyan ya ga yadda ake zaluntar ma'aikata, ya nemi a saurari kukansu, mai kamfanin kuwa ya sa aka kashe shi. Fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1979. Duk wanda mahaifinsa ya taɓa tsayawa gaban injin saƙa a Bompai, idan ya kalle shi zai ga kamar a gidansu aka ɗauka.

Na biyu ya fito ne daga wajen makwabtanmu na Nijar. Oumarou Ganda tsohon soja ne da ya yi yaƙi a Indocina ƙarƙashin tutar Faransa, sa'an nan ya zama lebura a tashar jiragen ruwa ta Abijan. A can Jean Rouch ya same shi, suka yi fim ɗin Moi, un noir a 1958. Abin lura a nan shi ne, an fara ɗaukar hoto ne, daga baya aka bar Ganda ya kalla yana faɗin abin da ke ransa da bakinsa: yunwarsa, da burinsa, da haushinsa. Leburan nan bai tsaya nan ba. Ya koma Yamai ya riƙe na'urar da kansa, har fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972, shekarar da aka fara bayar da ita.

Kada a ce duk wannan aikin masu wani harshe ne. Sani Elhadj Magori, ɗan garin Galmi, ya yi fim a 2008 a kan manoman albasa na garinsu, inda ya nuna yadda ɗaurin auren yarinya yake rataye a kan farashin buhu. Aïcha Macky kuma, 'yar Damagaram, ta fitar da Zinder a 2021. Ta shiga unguwar Kara-Kara, wadda aka daɗe ana ƙyamar mazaunanta, ta zauna da samarin da ake kira 'yan daba, ta bar su suka bayyana yadda rashin aiki ya kai su ga fasa-ƙwaurin fetur da faɗan titi. Da Hausa suke magana, ba mu bukatar tafinta.

Na ƙarshe namu ne na gida, kuma labarinsa gargaɗi ne. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na marigayi Abubakar Tafawa Ɓalewa zuwa fim. Bayan 'yan shekaru fim ɗin ya ɓace daga idon jama'a, har aka fitar da rai da shi. Sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar Hukumar Finafinai ta Ƙasa, aka gyara shi da taimakon wata cibiya ta Jamus, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Ku duba, jama'a: aikin da gwamnati ta kashe wa kuɗi, labarin da Firayim Minista ya rubuta, shi ma ya kusa salwanta. Ina ga labarin mai gadin ƙofar kamfani?

Kakanninmu sun san majigi, motar da ke yawo gari gari tana haska bango da dare. Amma majigi na hukuma ne: ita ke magana, talaka na zaune a ƙasa yana saurare. Finafinan da muka lissafa sun juya wannan tsari, suka ba talaka bakin magana.

Don haka muna kawo shawara biyu. Ta ɗaya, ƙungiyarmu ta ware dare guda a kowane wata a haska ɗaya daga cikin waɗannan finafinai a wannan zaure, a tattauna bayansa, a kuma gayyato tsofaffin ma'aikata su zauna tare da mu. Ta biyu, mu fita da kanmu. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta fi na'urar Lumière ƙarfi nesa ba kusa ba. Mu je wurin tsohon masaƙi mu tambaye shi nawa ne albashinsa na farko, da yadda aka sallame shi. Mu je wurin manoman rani na bakin kogin Challawa mu ji abin da ruwan majema yake yi wa gonakinsu. Mu nemi izininsu tukuna, mu kuma mayar musu da abin da muka ɗauka su gani. Wanda ya shiga masaƙa yana ɗan shekara ashirin a 1975, yau ya kai saba'in. Ba za su daɗe suna jiranmu ba.

Allah ya ba mu ikon aikatawa.