Shanu Ne Suka Kafa Nima: Jawabi a Kan Riƙon Marasa Ƙarfi a Zangunan Akra



Mai girma shugaban taro, sarakunan zango, limamai da malamanmu, ardo-ardo, masu masaukin fatake, sarakunan pawa, dillalai, iyayenmu mata, da sauran 'yan'uwa makiyaya da fataken shanu, muna yi muku barka da zuwa, tare da fatan kowa ya baro gida da garke lafiya.

Kamar yadda kuka sani, yawancin zaman da muke yi a kan burtali ne da mashaya, ko kuɗin da ake karɓa a kan iyaka, ko kuma rikicin da ke tsakaninmu da manoma. Duk waɗannan suna nan, ba mu manta da su ba. Amma yau muna so mu dubi wata matsala da ke cikin gidajenmu: idan ɗayanmu ya kwanta ciwo a Nima ko Mamobi, ko jarinsa ya karye, ko Allah ya yi masa rasuwa ya bar mata da ƙananan yara, wa zai ɗaga shi, wa kuma zai riƙe iyalinsa?

Asalin wurin

Kafin mu amsa, ya kamata mu tuna yadda aka yi muka zo nan. Kalmar zango tamu ce, wato inda ayari ke sauke kaya ya kwana. Kakanninmu sun bi hanyar Gwanja zuwa Salaga da kanwa da tufafi da dabbobi, suna komawa da goro, daga baya kuma suka gangaro Kumasi har zuwa bakin teku, zuwa Akra, wadda dattawanmu ke kira Ankara. Malam Bako ɗan Malam Nenu ne ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Ita kuwa Nima, a farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, wani Bafulatani malami kuma mai cinikin shanu, ya sami filinta daga gidan Odoi Kwao na mutanen Ga, domin ya riƙa ajiye dabbobi kafin a kai su kasuwa. A hankali baƙi daga arewacin Gana, da Nijeriya, da Nijar, da Mali, da Barkina Faso, da Togo suka yi ta sauka kusa da shi, har unguwar ta cika ta haɗe da Mamobi.

Ke nan, 'yan'uwa, shanu ne suka share filin da Nima take a kai. Wanda sana'arsa ta kafa unguwa bai kamata ya zama baƙo ba ranar da ake maganar marayunta.

Yadda iyayenmu suka riƙe juna

A wancan zamani babu wani ofishin gwamnati da ke kula da baƙon da ya shigo gari. Abin da ake da shi shi ne maigida. Falke ya iso da shanunsa, maigida ya sauke shi a zaurensa, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan mahauta sun ɗauki shanu bashi, ya kuma ajiye masa kuɗinsa har ranar tafiya. Idan baƙon ya yi rashin lafiya, matan gidan ne ke jinyarsa. Idan ya rasu, maigida ne zai yi masa sutura, ya lissafa dukiyarsa a gaban shaidu, ya aika wa magadansa ko da kuwa suna Sakkwato ko Dori ne.

Bayan maigida akwai sarkin kowace ƙabila, Hausawa da Fulani da Zabarmawa da Mosawa da Wangarawa da sauransu, wanda ke sasanta rigima, ya nema wa sabon zuwa ɗaki da aiki. Akwai masallaci, inda ake sanar da larura bayan salla a yi karo-karo nan take. Akwai adashe, wanda mutanen ƙasar nan ke kira susu, da ƙungiyoyin mata da ke haɗa kai wajen suna da biki da rasuwa. Wani Baturen Ingila mai suna Keith Hart ya zauna a Nima a shekarun 1960 yana nazarin yadda talakawa ke rayuwa ba tare da albashi ba, kuma abin da ya rubuta a 1973 ya sa masana tattalin arziki na duniya suka fara lura da irin wannan neman abinci da taimakon juna da ba ya cikin littafin gwamnati.

An jarraba wannan zumunci a watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama makonni biyu su bar ƙasa. Dubban mutanen zango suka fita, wasu suka karyar da kayansu a wulaƙance, wasu suka bar gidaje da yara a hannun maƙwabta. Waɗanda suka sami abinsu daga baya, amana ce ta ajiye musu. A 1983 kuma Nijeriya ta kori baƙi, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka dawo gida. Darasin duka biyun ɗaya ne: ranar wuya, mai takarda da mai jama'a su ke tsira.

Abin da ya canja

To, me ya sa muke cewa tsohon tsari shi kaɗai bai isa ba yanzu? Dalili na farko, mota ta maye gurbin kora da ƙafa. Shanun da ke shigowa ta Paga daga Barkina da Mali da Nijar cikin 'yan kwanaki suke isa kasuwar Tulaku, wadda wasu ke kira Turaku, kusa da Ashaiman. Falke ya sayar ya juya, kuɗinsa na cikin wayarsa, bai kwana a zauren kowa ba, ba kuma wanda ya san sunan mahaifinsa.

Na biyu, unguwannin sun cika maƙil. Gidan da a da yake da ɗakin baƙi, yanzu kowane ɗaki akwai iyali a ciki. Dokar haya ta 1963 ba ta yarda a karɓi fiye da kuɗin wata shida a gaba ba, amma kowa a nan ya san ana neman na shekara ɗaya ko biyu. Matar da mijinta ya rasu, kafin ta fita takaba zancen haya ya iso ƙofarta.

Na uku, larurar birni kan zo wa jama'a gaba ɗaya. Mun ga annobar amai da gudawa a Akra a 2014. Mun ga ambaliya da gobarar ranar 3 ga Yuni, 2015, a dandalin Kwame Nkrumah, inda mutane fiye da 150 suka rasu. Mun ga kullen korona da aka fara a ƙarshen Maris na 2020, aka yi makonni uku mai cin abinci daga cinikin yini bai fita ba. A irin wannan lokaci, wanda za ka roƙa shi ma yana neman wanda zai roƙa.

Su wa ke faɗuwa ba a gani? Yaran da ke hawa bayan mota tare da shanu suna tayar da wadda ta kwanta, waɗanda ƙaho ko kofato ke raunatawa a hanya. Makiyayan haya da ke kiwon shanun wasu a filayen bayan Akra, waɗanda idan mai shanu ya sallame su ba su da saniya ko ɗaya. Iyalan da rikici ya ci garkensu a wurare irin su Agogo, suka gangaro birni hannu rabbana. Tsofaffin dillalai da ƙafa ta gaza. Da kuma zawarawa da marayun duk waɗannan. Yawancinsu kunya ba za ta bar su su tsaya a ƙofar masallaci su miƙa hannu ba, domin ba haka aka rene mu ba.

Abin da ke akwai

Ba za mu ce ba a yi komai ba. Musulmin ƙasar nan sun kafa hukumomi na kansu. Akwai ICODEHS ta Shehu Mustapha Ibrahim, wadda ta yi suna wajen haƙa rijiyoyi da gina makarantu da ɗaukar nauyin marayu. Akwai FOMWAG, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mata Musulmi, tun 1992. Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda ya zama babban limamin ƙasa a 1993, ya kafa asusun tallafa wa ilimin yara. A 2010 kuma 'yan majalisa Musulmi suka jagoranci kafa asusun zakka da sadaka na ƙasa.

Ta ɓangaren gwamnati, dokar inshorar lafiya ta 2003 ta zo ne domin rage wahalar nan ta sai ka biya kafin a ba ka magani. A ƙarƙashinta an ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 18, da tsofaffi masu shekara 70 zuwa sama, da masu juna biyu, da matalauta biyan kuɗin shekara, amma sai an yi rajista, ana kuma sabunta kati, har ta wayar hannu. Mai kati da mara kati ba ɗaya suke ba ranar da aka kai su asibitin Mamobi. A 2008 aka fara shirin LEAP, mai ba gidajen da suka fi talauci ɗan kuɗi bayan kowane wata biyu, musamman masu riƙon marayu, da tsofaffi daga shekara 65 da ba su da mataimaki, da naƙasassun da ba sa iya aiki. A 2017 aka ɗauke kuɗin babbar sakandare, a shekarar ce kuma majalisa ta zartar da dokar asusun raya zanguna. Ma'aikatar da aka kafa wa zanguna a 2017 an rushe ta a 2021, abin da ke nuna mana cewa wanda ya dogara da bazar wani, rana na iya dukansa.

Sai dai duk waɗannan ƙofofi mabuɗinsu ɗaya ne: takarda. Nan ne mu makiyaya aka bar mu a baya. Tsarin mulkin 1992 ya ɗora zama ɗan ƙasa a kan asalin iyaye ko kakanni, ba a kan wurin haihuwa kawai ba, kuma Fulani da yawa da aka haifi kakanninsu a nan sun sha tambayoyi wajen neman katin ɗan ƙasa, saboda ba su da abin nunawa. Alhali rajistar haihuwa kyauta ce matuƙar yaro bai cika shekara ɗaya ba.

Shawarwarinmu

Na ɗaya, kowace kasuwar dabbobi da kowane reshe na ƙungiya su buɗe asusun larura. A yanke wani ɗan abu a kan kowace saniya da aka sayar, mai saye da mai sayarwa da dillali kowa ya sa hannu, gwargwadon yadda 'yan kasuwar suka amince. Da yayyafi kogi kan cika.

Na biyu, kuɗin ya zauna a banki, kada a fitar da ko sisi sai da sa hannun mutum uku, a kuma karanta lissafi a bainar jama'a bayan kowane wata uku, da Hausa da Fulatanci. Asusu da yawa sun mutu a zangunanmu saboda zargi, ko da ba a ci kuɗin ba. Littafi a buɗe shi ke kashe zargi.

Na uku, a rubuta sunan kowane yaron mota da kowane makiyayin haya, da garinsu, da wanda za a sanar idan wani abu ya faru. Wanda ya ɗauki yaro aiki ya yi masa katin asibiti kafin ya hau mota. Kuɗin katin bai kai na igiyoyin da muke saye a tafiya ɗaya ba in an kwatanta da abin da jinya ke ci.

Na huɗu, mu fitar da zakka yadda malamai suka koya mana: a shanu 30 maraƙi ɗaya, a 40 saniya ɗaya, a tumaki ko awaki 40 guda ɗaya, a dukiyar ciniki kuwa kashi ɗaya cikin 40 idan ta kai nisabi shekara ta zagayo. Maimakon a raba ta ƙwandala-ƙwandala a bakin titi, a ba gida ɗaya abin da zai zama jari: keken ɗinki, ko injin niƙa, ko tukunyar sayar da waake da tuwo.

Na biyar, mu farfaɗo da habbanaye. Bafulatani ya san ta: a ba wanda ya rasa garke aron karsana, ta haihu a hannunsa, ya riƙe 'ya'yan, ya mayar da uwar. Bayan farin 1973 da na 1984, ƙungiyoyin agaji a Nijar sun ari wannan al'ada tamu suka mayar da iyalai cikin kiwo. A Nima babu filin saniya, amma akwai gidajen da ake turke rago domin layya. Tunkiya biyu a hannun bazawara habbanaye ce.

Na shida, a sa mata a cikin kwamiti. Su ke shiga ɗakuna, su suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Ta hannunsu taimako zai isa a asirce ba tare da an tozarta kowa ba. A kuma zaɓi matasanmu biyu ko uku masu ilimin boko su riƙa raka tsofaffi da zawarawa ofishin jin daɗin jama'a da na inshora, su cika musu takardu da gaskiya. Wanda ɗan ƙasa ne ya nemi haƙƙinsa, wanda baƙo ne ya yi katin baƙi, kada kowa ya kusanci takardar jabu.

'Yan'uwa, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar izinin wani minista. Muna roƙon kowane reshe, kafin zamanmu na gaba, ya zo da littafi biyu: na sunayen yaransa, da na kuɗin asusunsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma wanda ya ba da yau bai san ranar da zai karɓa ba.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka share mana wannan zango, ya albarkaci dukiyarmu, ya ba ƙasar Gana da ƙasashenmu zaman lafiya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.