Mai Zuwa Sujada da Shakka a Zuciya

Bayan sujada wani saurayi ya same ni a nan Wonaka, ya ce, "Baba Fasto, tun da 'yan bindiga suka kashe yayana a gona na daina gaskata akwai Allah. Saboda Inna nake zuwa. In daina?"

Na ce ya riƙa zuwa. Ku duba Yohanna sura 20: Toma ya yi mako guda yana shakkar tashin Ubangiji, almajirai ba su kore shi ba, kuma a tsakiyarsu Yesu ya same shi. Jibin Ubangiji ne kaɗai na ce ya dakata tukuna, kada ya yaudari kansa.

Dattawan ikkilisiya, ina roƙonku, kada kowa ya tsare yaron nan da tambayoyi. Ku gaishe shi kawai.