Makarantar Gwamnati ko Makarantar Gari?



Manufar wannan lacca ita ce duba dalilin da ya sa jama'a suke ɗaukar makarantar firamare a matsayin kayan hukuma, da kuma hanyar da za a bi a mayar musu da ita.

Tun kafin zuwan Turawa, makarantar allo ta rayu a ƙasar Hausa. Mutanen unguwa su ke ba malami zaure, su ciyar da almajirai, iyaye kuwa su biya kuɗin Laraba. Ilmin boko ta sama ya sauko. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa, Kano, daga baya En'e ta riƙa gina makarantun elementare, hakimai da dagatai suna tattaro yara, sau da yawa ba da son iyayensu ba. Da aka ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta a 1976, yaran da suka zo sun zarce ƙiyasin hukuma, azuzuwa da malamai suka yi ƙaranci. Kalmar "kyauta" kuwa ta ƙara tabbatar wa talaka cewa ko rufin aji ya yaye, gyaransa na gwamnati ne.

Bayan dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004, an amince a kafa wa kowace makaranta kwamitin kula da ita, wanda ya ƙunshi mai gari, da hedimasta, da malaman addini, da wakilan mata, da tsofaffin ɗalibai. Wannan mataki ne mai kyau, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen gari su ne suka san malamin da ba ya zuwa aji ranar kasuwa, da yarinyar da talla ta hana karatu.

Sai dai kwamitin da ba a tuna shi sai ranar karo-karo ba zai daɗe ba. Lalle ne a riƙa bayyana masa kuɗin da aka ba makaranta da yadda aka kashe su, kuma idan ya kai ƙara ga sakataren ilmi na ƙaramar hukuma, ya sami amsa. Biyan albashi da horar da malamai nauyi ne na gwamnati, aikin gayya ba ya ɗauke shi. Amma manomin da aka yi shawara da shi kafin a aza tubali, shi ne zai fara ɗauko tsani ranar da iska ta yaye kwano.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.